Gora Talatin Daga Ido

Shekara goma sha ɗaya ke nan da cike tafkin, amma har yau ba a samu wanda ya iya sanar da ƙafafun Mai Fito ba. Kansa dai ya sani, don a gabansa aka yi. Tifofi sun shekara biyu suna juye ƙasa da ɓaraguzan gini da sharar gari, ruwan yana ja da baya kaɗan-kaɗan, har ranar da aka wayi gari kwale-kwalensa yana zaune a kan taɓo. Ƙafafun ne suka ƙi ji. In ya fito da hantsi, doguwar gorarsa ta tuƙi a kafaɗa, sai ka ga ya baro hanya miƙaƙƙiya ya yi kwana a inda babu komai, wai don a nan ne ciyawa take riƙe jirgi. Masu babur sun gaji da zaginsa, yanzu kauce masa kawai suke yi.

Abin da ya rage na tsohuwar mafita shi ne matakalar siminti, hawa uku, a ƙofar wani shagon gyaran waya. A da hawa bakwai ce, huɗu suna ƙarƙashin ƙasa. A kan na sama yake zama, yana kallon titin da ya miƙe daga gabansa ya tsaga sabuwar unguwa. Waɗanda suka shimfiɗa titin ba su san sun bi hanyar fito ba, sak, kamar an ja musu zare.

Da rana ta take, kwalta ta fara rawa da zafi, sai ruwan ya dawo. Ba ya zuwa da ƙarfi. Yana tasowa ne daga gindin katanga, ya rufe tayoyin motoci, ya haura teburin mai kayan miya, ya kai saman ƙofofin shaguna ya tsaya, kore-kore, shiru. Mutane suna ta harkokinsu a ƙarƙashinsa, suna ciniki, suna gardama, mayafan mata suna lilo a hankali, hayaƙin motoci yana tashi kamar kumfa. Mai Fito ba mahaukaci ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Ya san idan ya ƙifta ido sau biyu komai zai bushe. Shi ya sa yake jinkirta ƙiftawar.

Tun rasuwar matarsa yake zaune a ɗakin ƙofar gida wajen babban ɗansa. Ba a rage shi da komai ba, ci da sha da sutura, har da fanka. Abu ɗaya ne ya ɓace, babu mai tambayarsa komai. Mutumin da a da fatake da 'yan kasuwa ba sa ɗaura kaya sai sun ji ta bakinsa kan iska da hadari, yanzu ko ƙarfe nawa ba a tambayarsa, kowa da wayarsa. Wannan yana ci masa rai, ya fi ciwon gwiwa ci masa rai, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Ana haka sai Auta ta zo da takarda. Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, mai aikin jinya a asibitin yara, wadda tun tana rarrafe take zama a hancin kwale-kwale tana jan yatsu a ruwa. Shekara tara suna haya ita da mijinta, mai gyaran firji, a ɗaki biyu da banɗakin haɗaka, yaransu uku suna kwana kai da ƙafa. Yanzu gumin shekara taran ya zama fuloti a yanki na ƙarshe da aka yanka a kan tsohon tafki, na kan kwanar titi, fuska biyu, bakin hanya. Ta ce so take ya zo ya sa albarka kafin a kafa komai.

Suka tafi su uku da la'asar. Surukin yana ta nuna inda falo zai zauna da inda zai buɗe ɗan shago, Auta tana dariya tana cewa shagon ya fi falon girma. Mai Fito ya tsaya a tsakiyar filin, ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai sabo ya ɗaga masa kai ya dubi arewa. Nan take ya ji sanyi ya taso masa daga tafin ƙafa.

Ga yadda abin yake. Tafkin yana da ido, wato inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, rani da damina. A nan ruwan sanyi ne ƙalau, baƙi, kuma an taɓa ɗaure gora uku kai da kai ba su taɓo ƙasa ba. Mai tuƙi da gora in ya rasa ƙasa ya rasa komai, sai jirgin ya yi ta juyawa da shi da fasinjojinsa. Ido kuwa yana kan hanyar fito daram. To a kan ruwa babu alama, sai iyayen sana'a suka samo ta a tudu. Can arewa akwai wata doguwar giginya, can bayanta akwai dutse mai tsaga a kafaɗa. Kana tafe giginyar tana tafe a jikin dutsen, in ta shiga tsagar, to kana bakin ido, sai ka kewaye. In ka ƙirga gora talatin daga nan, ka hau tudun yashi, inda ruwa bai taɓa wuce gwiwa ba, ƙasansa tauri kamar daɓe. A nan ake hutawa a sha iska. Mahaifin Mai Fito da mari ya koya masa wannan, shi kuma ya koya wa mutum tara ba tare da mari ba.

Giginyar tana nan, Allah ya sa ta faɗo cikin harabar wata makaranta ba a sare ta ba. Dutsen ma yana nan, ya yi dishi-dishi a bayan hayaƙin gari. Kuma daga tsakiyar fulotin Auta, giginya tana zaune cikin tsaga kamar an saka ta da hannu.

Ya sauke hannuwansa. Ya ce, “Auta, ba za a yi gida a nan ba. Kan ido kike tsaye.”

Surukin mutum ne mai ladabi, bai yi dariya ba, ya dai sunkuyar da kai yana murza gemu. Ya ce ai Baba, tifa dubu nawa aka juye a wurin nan, ko wane irin ido ne ya isa ya rufe. Ya ce ma'aikatan awo sun zo da na'urorinsu sun buga duwatsun iyaka, ga hatimi a takarda. Mai Fito ya ce masu awo faɗi da tsawo suka auna, ba su auna zurfi ba. Ya ce ruwa ba ya mantuwa, ko an rufe shi shekara hamsin yana nan yana jira, zai jiƙa bango, ya cinye tushe, wata rana a tashi ƙofa ta ƙi rufuwa. Yana magana, amma ya san yadda ake kallon tsoho in ya fara irin wannan zance.

Auta ta saurare shi har ya gama. Ta dubi giginyar, ta dubi dutsen, ta daɗe. Sannan ta juyo.

“To Baba, nuna min tudun.”

Shekara goma sha ɗaya ba a ce masa nuna min ba. Ya sauke gorar daga kafaɗa, ya kwantar da ita a gefen titi, ya ɗaga, ya sake kwantarwa, yana ƙirgawa a fili. Yara da masu tura baro suka tsaya kallo, bai damu ba. Gora ta talatin ta faɗa cikin wani fuloti matsattse mai fuska ɗaya, tsakanin katangu biyu. Mai shi, wani mai sayar da kayan gyaran mota, da ya ji ana son musaya da na kwana sai da ya sa aka maimaita masa, sannan ya yi maza ya kai su ofis kafin hankalinsu ya dawo. Yayyen Auta sun yi sati suna yi mata tsiya, wai ta sayar da bakin titi ta sayi mafarkin tsoho. Surukin ya haɗiye shagonsa, bai ƙara ambatonsa ba.

Wata huɗun da suka biyo baya, Mai Fito ya manta da ciwon gwiwa. Kullum yana wurin gini kafin birkila, yana zaune a kan tarin tsakuwa da gora a gefe. Aka haƙa tushe, ƙasa ta fito a bushe, surukin da kansa ya damƙo ta ya ce lalle Baba ya san aikinsa. Birkila ya fara tambayarsa ko yau za a yi iska, ko a rufe siminti. Ko ruwan tsakar rana ya canja masa. In ya zo yanzu, sai ya kewaye ginin Auta ya bar shi a tsakiya, tsibiri, bulo a kan bulo, yara uku suna zaune a kan tagar da ba a sa ba tukuna suna wasa da ƙafa a ruwa. Wani lokaci har matarsa yake hangowa tana wanki a gefe, da zanen nan nata mai ɗigo-ɗigo. Ya ji daɗin duniya a watannin nan, daɗi na gaske.

Bango ya kai taga ranar da ya ga abin. Tsakiyar rani ne, sama ko gizagizai babu. Ya shiga zagayen safe, ɗaki-ɗaki, kafin ma'aikata su iso. A ɗakin da Auta ta ce nata ne, a kusurwar gabas, ƙasa ta yi duhu, ta ɗan lotsa, ruwa ya kwanta a ciki wanda bai fi cikin faranti ba. Ya ce a ransa ruwan jiƙa bulo ne. Ya durƙusa ya sa yatsa. Ruwan tanki da ya kwana a rani ɗumi gare shi, wannan kuwa sanyinsa ya ratsa shi har gwiwar hannu. A tsakiyarsa ga wani ɗan ganye kwance, zagayayye, bai fi kwabo ba. Bado ne, ciyawar nan da ke shimfiɗa ganyenta a kan ruwa, wadda ba ta fitowa sai inda ruwa ya zauna da gindinsa.

Ya tsinke ganyen ya sa a aljihu, ya turo ƙasa da ƙafa ya rufe wurin. Washegari ruwan ya dawo, ganye biyu. Ya tsinke, ya rufe. Rana ta uku ma haka. Bai faɗa wa kowa ba, bai ma faɗa wa kansa ba. Yana fitowa ya dubi arewa ya sake lissafi, ya koma fulotin kwana ya ga giginya cikin tsaga, ya ƙirgo talatin, komai daidai. Lissafi ya ce tudu, yatsa ya ce ido.

Rana ta huɗu direban tifa ya kawo tsakuwar daɓe. Mutum ne mai surutu, irin wanda ko da taya zai iya hira. Ya juye kayansa, ya zo ya tsuguna kusa da tsoho yana shan ruwa, ya ga inda yake kallo. Ya ce ai a dutsen nan yake lodi, shekara goma sha biyu, ya san shi kamar gidansu. Mai Fito, don dai a yi magana, ya ce ita dai tsagar can tana nan yadda ya san ta tun yana yaro.

Direban ya kwashe da dariya. “Wace tsagar, Baba? Waccan ai hanyarmu ce, mu muka fasa ta shekara bakwai da suka wuce don motoci su riƙa hawa. Tsohuwar tana can gaba, ta dama. Tuni muka cinye ta, da ita da kafaɗar dutsen gaba ɗaya.” Ya daki tarin tsakuwar da tafin hannu. “Wa ya sani ma, ƙila a kanta kake zaune.”

Ya hau motarsa ya tafi, ya bar ƙura. Mai Fito ya ɗebi tsakuwa cikin hannu yana kallo. Bai taɓa kawo wa ransa cewa dutse yana tashi daga inda yake ba. Ya yi tsammanin a sare giginya, ya yi tsammanin a rushe matakala, amma dutse, mahaifinsa bai ce masa ya riƙa duba dutse ba. Tsaga ta matso, ido na ƙarya ya matso tare da ita, shi kuma ya ƙirga gora talatin daga ƙarya, da hannunsa, a gaban jama'a, ya kai 'yarsa ya ajiye a kan na gaskiya. Fulotin kwanan da ya raba ta da shi, lafiyarsa ƙalau.

A ranar nan, ruwan tsakar rana bai kewaye komai ba. Ya shiga ta ƙofofi, ya cika ɗakunan, ya haura bango, birkila da lebura suna ta ɗora bulo a ƙarƙashinsa a hankali kamar masu barci. Mai Fito ya ƙifta ido sau biyu, sau uku. Ya yi tunanin yin shiru. Gobe za a zuba tsakuwa a yi daɓe, siminti zai rufe kusurwar, ƙila shekara uku, ƙila biyar kafin bango ya fara tsagewa, kuma wa ya ce zai kai lokacin? Zai mutu yana mutumin da ya san ƙasa. Ya juya wannan tunani a ransa har la'asar, ya ji kunyar kansa irin wadda bai taɓa ji ba.

Auta ta iso bayan ma'aikata sun tashi, da fararen kayan aiki, jaka a kafaɗa, gajiya har a tafiyarta. Ta gaishe shi, ta tambayi gwiwa. Ya ce ta zo. Ya shige gaba har ɗakinta, ya tsaya a kusurwar gabas, ya kau da ƙasar da ya tura da safe. Ruwan ya taso a hankali ya cika gurbin. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ganyayen, sun yanƙwane, ya buɗe mata tafinsa. Ya faɗa mata komai, da dutsen, da tsagar, da direban tifa, bai rage ba, bai kuma nemi abin fakewa ba. Ya ce shi ya yi mata wannan.

Ba ta yi kuka ba. Ta sauke jakarta a kan bulo, ta zuge, ta fito da wani ɗan hankici a naɗe ta warware. Ganyen bado ne a ciki, ya fi nasa yawa, wasu sun bushe ƙayau.

“Kwana goma ke nan,” in ji ta. “Da yamma nake cirewa, don kada ka zo da safe ka gani.”

Ya dubi ganyayensa, ya dubi nata. Ashe bado yana tsiro sau biyu a rana, ɗaya don uba ɗaya don 'ya, kowa yana tsinkewa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Suka tsaya a ɗakin da ba shi da rufi, sama tana kwance a cikin ɗan ruwan, da wani tsuntsu da ya gifta ta ciki.

“Mijinki ya sani?”

“Yau zan faɗa masa. Na hana a yi daɓen gobe.” Ta durƙusa ta sa yatsu a ruwan, ta ja su a hankali yadda take yi a hancin jirgi. “Baba, zurfinsa nawa? Kada ka rage min.”

“Gora uku ba su taɓo ƙasa ba.”

Ta gyaɗa kai. Ta dubi bangon da ya kai taga, ta bi shi da ido kusurwa-kusurwa, shekara tara a jere cikin bulo. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai ta miƙe ta karkaɗe gwiwa, ta ce to ai yanzu ido ya nuna kansa, ba sai an tambayi dutse ba. In nan ne ido, tudu yana gora talatin a gaba. Ta ce ya zo ya ƙirga mata, ko ba komai ta ga wurin.

Bai so ba. Ya ce idonsa ya mutu, lissafinsa ya mutu, ta nemi masu na'ura. Ta ɗauko gorar da kanta ta miƙa masa.

Suka fita titi. Rana ta yi ƙasa, inuwar gorar ta yi tsawo har tsallaken kwalta. Ya kwantar, ya ɗaga, ya kwantar, wannan karon ita ce take ƙirgawa, a hankali, shi yana aikin. Suka wuce mai walda, suka wuce gidan bulo, suka wuce wani kango da awaki suke kwana a ciki. A gora ta ashirin sai ya ji ƙasa ta fara canjawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ko kuwa ƙafar ce ta tuna, yana jin ruwa yana sauka daga ƙirji zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa cinya. A ta ashirin da bakwai kan gorar ya daki katanga.

Doguwar katanga ce mai waya a sama, ta babban rumbun ajiyar kayan wani kamfani, wanda aka gina tun kafin a yanka wa kowa fuloti. Mai Fito ya tuna lokacin. Mutanen kamfanin sun zo da wata mota mai dogon ƙarfe, sun yi wata guda suna huda ƙasa nan da can suna zaro ta suna dubawa, shi kuma yana kan matakala yana musu dariya, wai masu neman ƙasa da inji. Bayan katangar manyan motoci suna jere a kan siminti busasshe, ko tsaga ɗaya babu.

“Ashirin da bakwai,” in ji Auta.

“Sauran ukun suna ciki.”

Mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya tambaya ko lafiya, ko wani suke nema. Auta ta ce babu kowa, wucewa suke yi. Ta sunkuya ta ɗauki gorar ta saɓa a kafaɗarta, a kan fararen kayan, ta kama hannun mahaifinta suka juya. Da suka zo daidai ginin, ƙafafunsa suka bar hanya suka yi kwana da kansu, suka kewaye shi da nisa. Ita ma ba ta ja shi ba, ta bi shi suka kewaye tare.